Ɗaki Nawa, Mutum Nawa?

Sa'ad da muke yara a cikin birni, babu abin da ke tayar da hankalin iyayenmu mata kamar a ce ga duba-gari nan tafe. Nan da nan sai a hau sharar tsakar gida, a wanke randa, a rufe bakin masai. Shi kuwa ya shigo da kakinsa, ya leƙa randa ko zai ga tsutsar sauro. In ya gani, sai sammaci. Haushinsa muke ji ƙwarai.

Gidanmu na ƙasa ne, rufin azara, katangarsa mai kauri. Da bazara ɗaki da sanyinsa, da dare kuma kowa ya ja tabarma tsakar gida. Ba na cewa babu cuta a lokacin, don ƙyanda ta ɗauke mana ƙanne. Amma akwai fili, akwai iska.

Da na zama likitan manya, ina duba marasa lafiya a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, hankalina yana kan ƙirji da ciki kawai. Shekarar 1996 ce ta sauya mini alƙibla. Sanƙarau ya ɓarke, ga amai da gudawa, ga ƙyanda, duk lokaci guda. Asibitin Zana, na masu cututtuka masu yaɗuwa, ya cika har ana kwantar da mutane a waje, kuma sanƙarau kaɗai ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ina rubuta adireshi sai na ga sunayen unguwanni ƙalilan ne ke ta maimaituwa. Daga Nasarawa, inda gidaje ke da lambu da tagogi, da wuya ka ga an kawo wani.

Daga nan muka fara shiga lungu da ɗalibaina, da tef ɗin awo da littafi. Sai mun gaida mai unguwa tukuna, ya haɗa mu da ɗan rakiya. Ni iyakata zaure, tunda ba a shiga, ɗalibai mata ne ke wucewa ciki. Su auna ɗaki, su auna taga, su tambayi mutum nawa ke kwana, su ƙirga taku tsakanin rijiya da salga. Wani gidan taku biyar ma ba su cika ba. Abokan aiki suna tsokanata wai na ajiye likitanci na koma duba-gari. Ban taɓa musu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon gado. Gidan da kaka ya bari, 'ya'ya su raba, jikoki su sake rabawa, kowa ya ta da ɗakin bulo a rabonsa har tsakar gida ta koma siririn lungu. A sa kwano a sama ba silin. Watan Afrilu ɗakin nan ya zama tanda, mutum takwas a ciki, ɗaya yana tari. Tarin fuka me kuma yake nema? Kududdufan da aka haƙa don ginin birnin, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike da yawansu an yi gini, ruwa kuwa ya koma neman hanya ta cikin ɗakuna kafin ya kai rafin Jakara.

Mun rubuta takardu, an buga, an yi mini ƙarin girma. Lungunan suna nan yadda muka same su, kuma ba na ɗora wa mazauna laifi, don talaka bai zaɓi ƙunci ba.

Wata tsohuwa a wajen Koki, mai fama da asma, na taɓa ce mata, "Iya, a riƙa buɗe taga." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka buɗe da kanka, in ka iya ture bangon maƙwabci."