Kobe: Birnin da Ya Huda Dutse, Ya Cike Teku

Mutumin Tasawa ko Mayahi idan gida ya yi masa kaɗan, gona ce a bayan gari, sai ya sayi fili ya ja katanga. Mutanen Kobe, a ƙasar Japan, ba su da wannan gata. Birni ne na mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, a matse tsakanin teku daga kudu da tsaunin Rokko daga arewa, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 931. A wasu unguwannin, kilomita biyu ko uku ne tsakanin gindin dutse da bakin ruwa. Duk wanda zai shimfiɗa hanya a nan, ko ya hau dutse ko ya huda shi.

Abin mamaki, hudar farko ma ba dutse aka yi wa ba. Kogunan da ke gangarowa daga Rokko suna kwaso yashi, mutane kuma suna ta ɗaga musu gaɓa don gudun ambaliya, har gadon kogi ya fi ƙasar gari tudu. Da aka zo shimfiɗa layin dogo tsakanin Osaka da Kobe, wanda aka buɗe a 1874, sai aka haƙa masa rami ta ƙarƙashin kogin Ishiya. Shi ne ramin jirgin ƙasa na farko a Japan. Ka ƙaddara Gulbin Kaba ne ke malala a sama da damina, jirgi na wucewa ta ƙarƙashinsa.

Bayan kusan shekara ɗari, a 1972, jirgi mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen ya iso. An huda masa Rokko tsawon kilomita 16, yana fitowa ya tsaya a tashar Shin-Kobe, yana tashi ya sake faɗawa wani ramin na kusan kilomita 8. Masu zuwa shan iska a kan tsaunin kuwa tun 1932 suke da taragon da igiyar ƙarfe ke ja, kuma daga 1970 wani da ke rataye a sama yana sauke su Arima, garin maɓuɓɓugan ruwan zafi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Haraguchi Chujiro, injiniyan da ya yi magajin garin daga 1949 zuwa 1969. Shi ya ga cewa dutsen da ya tare su da ruwan da ya tare su, ɗaya maganin ɗaya ne. Aka riƙa fafe tuddai, ana ɗora ƙasar a kan doguwar ɗamarar inji mai tafiya ta cikin rami har bakin teku, jiragen ruwa su kwasa su zuba. Ba a cika tituna da manyan motoci da ƙura ba. Inda aka fafe ya zama unguwanni, inda aka zuba ya zama tsibirin Port Island, wanda aka buɗe a 1981 tare da jirginsa marar direba. Girgizar ƙasar da ta afka wa yankin ranar 17 ga Janairun 1995 ta kashe mutum fiye da 6,400, ta karya gadojin jirgi, amma kafin wata uku Shinkansen ya dawo aiki.

Sai dai haƙa rami daban, shiga jirgi daban. A 1988 wani kamfani mai zaman kansa ya buɗe layin Hokushin, rami na kilomita 7 da ɗoriya da ya haɗa unguwannin bayan dutse da tsakiyar gari cikin kamar minti goma. Aiki ya yi kyau, kuɗin shiga ya yi tsada, fasinja suka yi ƙaranci, bashi ya danne kamfanin. Mu ma mun san irin wannan ciwo ta wata fuskar: dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 ya zauna kwance ba jigila. Yanzu ido na kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai kusan kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Ko ya iso, ɗan Tasawa sai ya biya mota ta Gazawa da Agye da Cadawa kafin ya ga tasha, kuma da wannan kuɗin motar zai auna ko jirgin ya yi masa sauƙi.

A Kobe, hukumar birni ce ta ɗauki nauyin. A watan Yunin 2020 ta karɓe layin Hokushin ta haɗa shi da nata jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuɗin tafiya daga Tanigami a bayan dutse zuwa Sannomiya a tsakiyar gari ya sauko daga yen 550 zuwa 280.