Mararaba, Kubwa Ko Lugbe: Ina Za A Kama Haya?

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, tsadar haya take kora ƙananan ma'aikata zuwa bayan gari. Uwargida, idan aiki ya kai ku can, kada araha kaɗai ta ruɗe ku.

Mararaba, a Jihar Nasarawa, tana da sauƙin haya da cefane. Sai dai cunkoson hanyar Nyanya kan sa mutum ya fita da asuba, ya dawo yara sun yi barci. Kubwa titinta na da faɗi, ga tashar jirgin ƙasan Kaduna da ya fara jigila a 2016. Lugbe ta fi Kubwa kusa da tsakiyar gari, amma wasu sassanta na fama da ambaliya da damina.

Kafin ku biya, ki je unguwar ranar Litinin da ƙarfe 6 na safe, ki ga hanya da idonki. Ki tambayi matan unguwa: boko da Islamiyya, yaro zai iya zuwa da ƙafa? Yaushe gidan raino ke tashi? In ya rufe ƙarfe 5, ke kina hanya har 7, wa zai riƙe miki goyonki? Araha dai ba ta ado.