Akwati a Ƙofar Majami'a

Babbar majami'ar Katolika ta Yamai, wadda ake kira Notre-Dame du Perpétuel Secours, ba ta kai takwarorinta na Faransa girma ko tsufa ba. A 1931 mishan ta kafu a garin, a 1961 kuma Yamai ta samu bishop na farko, Hippolyte Berlier. Sai dai gajeren tarihin nan yana da tabo. A Janairun 2015, sakamakon zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Wannan ta tsira, jami'an tsaro na gadinta.

Abin da ya sa ke nan wani malamin tarihi, Musulmi, ya yi turus a bakin ƙofarta, akwati a hannu, ƙurar kilomita kusan 900 daga Damagaram a rigarsa. Ginin kawai ya zo gani kafin ya nemi masauki. A da, akwati shaidar baƙunta ce, baƙo kuwa ruwa ake fara miƙa masa. Ran nan shi da kansa ya ji kayansa sun zama abin tuhuma, sunan garinsu kuma ya ƙara musu nauyi.

Mai gadi ya tambaye shi daga ina. Ya yi jim, sannan ya faɗa. Tsohon ya dubi akwatin, bai ce a buɗe ba. Ya tura shi ƙarƙashin bencinsa, ya ce: "Malam, shiga. Amma ka hanzarta, la'asar ta gabato, ni ma zan je salla."