"Namu ne na asali": shayin rage ƙiba da tambayar da muka daina yi

Ƴan uwana na Diffa, mata da ku maza masu saye wa iyali, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe.

Tallar shayin rage ƙiba ta cika mana waya. A Facebook tana nan, a zauren WhatsApp na unguwa ko na biki an turo ta. Hoto biyu a jere: mace da tumbi a hagu, ita ɗin dai a dama kamar ba ta taɓa haihuwa ba. A ƙasa an rubuta: "Kilo 10 cikin kwana 14. Ganye ne zalla. Saura kwali kaɗan." Sai jimlar da ta fi tsaya mini a rai: "A yi hattara da jabu, namu ne na asali."

Jabun kam akwai su. Ka nemi sunan shayi guda, shafuka su fito maka rututu. Wannan ya ƙara harafi ɗaya a sunan, wancan ya sauya launin tambari. Hotunan ɗaya ne, muryar Hajiyar da ke rantsuwa ta rame ɗaya ce, lambar da za a tura kuɗi ce kawai ta bambanta. Kuma sai ka biya kafin a ɗora kaya a mota. Wani sa'in kwalin ya iso tasha, wani sa'in ka kira ka ji layin a kashe. Dabarar tsohuwa ce. A 2011 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta gurfanar da masu tallar maganin rama da suka ƙirƙiri shafukan labarai na bogi, suka manna tambarin CNN da wasu manyan tashoshi, har da ƴar jarida ta ƙarya mai cewa ta gwada a jikinta.

Sai dai abin da nake so mu lura da shi ya wuce nan. Da zarar an ce mana "hattara da jabu", hankalinmu ya koma kan wane shafi ne na gaskiya. Mun bar tambayar farko: mene ne a cikin ƙullin nan? Kamfanin Teami na Amurka ba kwaikwayon kowa ya yi ba, shi ne mai kayansa, taurari irin su Cardi B suka yi masa talla. Duk da haka a 2020 an yanke masa hukuncin dalar Amurka miliyan 15.2 saboda iƙirarin da ba shi da hujja a kansa, aka amince ya biya miliyan 1.

Yawancin irin wannan shayi, abin da ke aiki a ciki filasko ne, wanda kakanninmu suka sani sarai a matsayin maganin wankin ciki, kuma ba su taɓa shan sa safe da yamma har wata guda ba. Mace ta sha, ta kwana tana zarya bayan gida, da safe sikeli ya sauka, zane ya yi sako-sako, ta ce alhamdu lillahi ya karɓe ni. Ruwan jikinta ne ya fita, tare da gishirin da zuciya ke bugawa da shi. Kitsen yana nan. Kilo guda na kitse kusan kalori 7,700 ne, babban mutum kuwa abin da jikinsa ke ƙonawa a yini bai cika wuce 2,500 ba. Ko ya daina cin komai, kilo 10 ba za su narke cikin mako biyu ba. Ku tuna a ina muke: garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Mai jego da ke shayarwa, mai hawan jini da ke kan magani, mai ciwon sukari, wane ruwa ne ya yi musu yawa da za su zubar? Gudawa mai tsanani tana iya hana ƙwayar tazarar haihuwa yin aikinta, kuma babu mai tallar da zai gaya miki haka.

Filaskon ma da sauƙi. Akwai sinadarin sibutramine, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga nan hukumomi suke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi na rama masu ɗauke da rubutun "ganye zalla". A birnin Brussels na Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha haɗin rama da aka musanya wani tsiro da wani a cikinsa.

A nan bakin kogin Komadugu, daga Geskeru har Bosso, ba wanda zai sayi buhun tattasai bai zura hannu can ƙasa ba. Zai ɓalla, ya shinshina, ya duba ko an yayyafa ruwa, kuma ya san dillalin da gidan ubansa. Abin da za mu zuba a cikinmu ne muke saye a hannun wanda ko fuskarsa ba mu gani ba.

Ban ga laifin mai saye ba. Jiya-jiyan nan siririyar amarya ake yi wa gori, har ta nemi sha-ka-fashe don ta cika ido. Yau wadda ta haihu uku ake ce wa ta saki jiki, wani lokaci daga bakin maigidan da ta haifa wa. Wata kuma likita ne ya ce ta rage nauyi, ba ta samu mai zaunar da ita ya yi mata bayanin abinci da tafiyar ƙafa ba. Mai talla shi ne ya amsa mata da tsakar dare, ya kira ta Hajiyata.

Roƙona ga masu kula da zaurukanmu: kada ku bar tallar nan ta wuce ta hannunku, domin in ta zo daga lambar yaya ko gwaggo, an ɗauka ta gwada ne. Wadda ta riga ta saya, ta ɗauki kwalin ta kai wa mai farmasi ko likita ya karanta abin da aka rubuta. In ya shigo daga Najeriya da lambar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC, a bincika lambar, don ita ma bugawa ake yi. In kuwa kin fara sha kina jin jiri, ko zuciya na dukan uku-uku, ko fitsari ya ragu, ki ajiye shi yau ki tafi asibiti da kwalin a hannu.