Gola Ɗaya Ake Sakawa: Yadda Muka Nema wa Yaronmu Sabuwar Ƙungiya

Tun bayan ƙaramar Sallah mutane ke tare mu, a ƙofar masallaci, a wajen mai shayi, har a gidan suna, ana tambaya: "Wai ina Gola ne? Mun daina ganinsa yana wucewa da jakarsa da safe." Wasu sun ce ciwo ya ji, wasu sun ce mun hana shi ƙwallo saboda karatu. Ba ko ɗaya. Ƙungiya ya canza, kuma neman sabuwar ya ci mana wata uku. Mun ga gara mu rubuta sau ɗaya kowa ya ji, tunda ba mu kaɗai ne masu yaro a wannan harka ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne na ukunmu, shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Babansa ne mai binsa fili, mamarsa ce mai wanke jesi da ɗinke safar hannu in ta yage. Shawara kuwa tare muke yi, shi ya sa muke magana da baki ɗaya.

Kun san yadda ake yi a lungunanmu. In yara za su buga ƙwallo, ƙaramin cikinsu ake turawa tsakanin duwatsu biyu a ce ya tsare gida. Yawancinsu da sun ɗan yi tsawo sai su gudu su koma gaba. Namu ya ƙi barin wurin. Yana ɗan shekara 9 wani koci ya gan shi ya roƙe mu, muka ba shi. Shekara uku ya yi a wannan ƙungiya shi ne gola na ɗaya, kuma tsakani da Allah ya koyi abubuwa da yawa a can.

Sai bara aka kawo wani gola. An ce shi ma shekararsa 13. Mu dai ba mu ga takardarsa ba, amma mun ga muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa. A nan muka gane abin da ba mu taɓa lura da shi ba. Ɗan gaba in yana benci, ana iya sa shi minti 10 na ƙarshe ya ɗan yi gudu ransa ya yi sanyi. 'Yan baya huɗu ne, 'yan tsakiya uku ko huɗu, ko yaya wuri yana samuwa. Gola ɗaya ake sakawa, kuma ba a cika cire shi ba sai in ya ji rauni. Ga shi yaran nan a ragar manya suke wasa, mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44. Yaro ɗan 12 ko ya yi tsalle da ƙyar yatsunsa ke taɓa sandar sama. Kocin da ke neman kofi yau-yau, ai dogon zai ɗauka.

An je gasa Abeokuta, kwana uku. Mun biya kuɗin mota, mun biya na abinci. Aka yi wasa biyar bai shiga ko minti ɗaya ba. Bai yi ƙorafi ba, mu ma muka ce haƙuri. Bayan sun dawo aka yi wasan sada zumunta, aka sa shi bayan hutun rabin lokaci. Wata biyu rabonsa da wasa. Aka bugo kwana, ya fito zai kama, ƙwallo ta wuce ta saman hannunsa, aka sa kai aka ci. Koci ya taso har bakin layi yana ihu da Yarbanci, ya kira shi kwando a gaban kowa. Yaron da aka haifa a Ibadan, wane Yarbanci ne ba ya ji? Yara suka kwashe da dariya, sunan ya bi shi.

Mako uku duk ranar atisaye sai ciwon ciki. Ranar makaranta lafiya lau, ranar Islamiyya lafiya lau. Wata safiya mamarsa tana shara ta ga safar hannunsa a cuse bayan buhun shinkafa.

Daga nan gida ya rabu uku. Mamarsa ta ce a bar ƙwallon gaba ɗaya, ba za ta zuba ido ana kashe wa ɗanta zuciya ba. Babansa ya ce namiji ba ya gudu saboda an yi masa tsawa, ya koma ya ƙwaci wurinsa. Hajiya kakarsa ta ce ita dama ba ta taɓa ganin hikimar yaro ya tsaya a yi ta jifansa da ƙwallo ba, sauran suna gudu suna nishaɗi. Muka yi kwana huɗu muna ta wannan, babu wanda ya tuna ya tambayi mai abin. Da muka zaunar da shi bayan sallar isha'i, kansa a ƙasa ya ce: "Baba, ina son kamun. Can ɗin ne ba na so."

To, sai nema. Kafin mu fara muka je wajen Baffansa, yayan babansa, wanda ya tsare gida a zamanin samartakarsa. Shi ne mai ba da labarin yadda suke tafiya a ƙasa daga Sabo zuwa filin Liberty don su ga Best Ogedegbe, golan Shooting Stars, wanda ya tsare wa Najeriya gida a 1980 lokacin da ta ɗauki kofin Afirka na farko a Legas. Baffa ya ce mana: "In kun je kallon ƙungiya, kada ku zauna inda iyaye ke zama. Ku zaga bayan raga ku tsaya. Ku jira a ci golansu, sannan ku kalli koci, ku kalli 'yan baya. Kuma ku tambaya, wa ke koya wa gola shi kaɗai? In an ce kowa tare ake yi, to babu kowa ke nan."

Ta farko da muka je makaranta ce ta ƙwallo a can wajen gari, irin masu shafin Facebook cike da hotuna. Ciyawa kore shar, jesi sababbi, ga mota mai sunansu a jiki. Yaron ya ga wuri idonsa ya yi haske, mu ma gaskiya mun ɗan ruɗu. Aka gwada shi, aka ce ya yi. Sai aka shigar da babansa ofis. Kuɗin wata kaɗai ya kusa kuɗin makarantar yaranmu biyu, amma aka ce kada mu damu, nan da shekara biyu Turai za a kai shi. Sannan mutumin ya rage murya ya ce zai fi kyau a yi masa sabuwar takardar haihuwa, a rage shekara biyu, kowa haka yake yi.

Abu biyu muka riga muka sani. Dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ya buga wa kulob, sai a wasu 'yan hanyoyi ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka yi ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Wanda ya ce zai kai ɗan 15 Turai, ko bai san doka ba ko ya san ba mu sani ba. Na biyu, tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya da aka yi a nan Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai, ai irin wannan ragin shekarun muke zargin shi ya kori ɗanmu daga wurinsa. Yanzu mu je mu yi wa ɗan wani? Muka yi godiya muka fito. A mota yaron bai yi mana magana ba har Mokola.

Ta biyu tana can gefen Challenge, mota biyu daga gida. Mutanen kirki ne, kuɗinsu daidai talaka. Sai dai gololi uku gare su, namu zai zama na huɗu. Muka tsaya bayan raga kamar yadda Baffa ya ce. Awa biyu ana atisaye, gololin suna gefe suna jefa wa juna ƙwallo, sai a ƙarshe aka kira su 'yan gaba su gwada bugu a kansu. Ga shi lokacinsu safiyar Asabar da Lahadi ne, daidai lokacin hadda. Wannan ba ta ja mu da gardama ba.

Muka yi kusan wata ɗaya ba mu je ko'ina ba. Yaron ya fara cewa a koma ta farkon, ai takarda ce kawai. Wannan maganar ta tayar mana da hankali fiye da batun benci.

Ta uku wani abokin cinikin babansa ne, Bayarabe, ya kwatanta mana, a filin wata makarantar firamare ta hanyar Eleyele. Da muka isa muka kusa juyawa. Jan ƙasa ce da tsakuwa, raga duk ƙulle-ƙulle, jesi sun koɗe har lamba ba ta fita. Suna wasa da wata ƙungiya, muka zaga baya muka tsaya. Ba a yi minti 20 ba aka ci golansu, ci mai ban kunya ma, ta tsakanin ƙafafunsa. Muka juya muka kalli koci. Ya tafa hannu sau biyu, ya kira sunan yaron, ya ce a ci gaba. Wani ɗan baya ya shiga raga da kansa ya ɗauko ƙwallon, ya dafa kan golan ya wuce. Da aka tafi hutu, wani dattijo mai ɗingishi ya ja yaron gefe, ya durƙusa a ƙasa yana nuna masa yadda ake sauke gwiwa ɗaya a rufe tsakanin ƙafa in ƙwallo ta taho a ƙasa. Namu yana tsaye kusa da mu, sai muka ga shi ma yana gwadawa da gwiwarsa bai sani ba.

Bayan wasa muka zauna da kocin a kan benci, muka zazzage masa tambayoyinmu. Ya ce: "Alhaji, gola ɗaya gare ni, shekararsa 14. Ba zan ce maka naka zai ture shi ba. Wasan sada zumunta, kowa rabi. Wasan gasa, wanda ya fi a atisayen makon, kuma Baba ne mai zaɓa, ba ni ba. In wata biyu suka wuce bai shiga ba, ka zo ka tambaye ni." Shi da kansa ya nemi takardar haihuwa ta asali ta hukumar ƙidaya, haɗe da sakamakon makaranta, ya ce sai shekarun sun yi daidai.

Muka tambayi batun tafiya, don shi ne babban tsoron mamarsa. Ba sa tafiya sai da iyaye biyu a mota, ana karɓa-karɓa. Ba sa tafiyar dare. In za a kwana, ana faɗin wurin tun kafin a tashi. Sallah kuwa, kusan rabin yaran Musulmi ne, mataimakin koci ke jan su. Da azumi atisaye na komawa bayan la'asar, kuma marar nauyi. Ranakunsu Talata da Alhamis da yamma, sai Asabar bayan azahar, saboda haka hadda ba ta taɓu ba.

Kada mu yi muku kwalliya, wurin yana da nasa. Ba su da mota, haya ake yi kowa ya kawo nasa kason. Tsakuwar filin ta ci gwiwar yaron a makon farko, sai da mamarsa ta ɗinka masa soso cikin dogon wando. Micra ɗaya ce daga Mokola, amma akwai tafiyar ƙasa bayan an sauka, kuma da damina sai ya dawo jiƙe sharkaf.

Kafin ya fara muka koma wajen tsohon kocinsa mu yi sallama mu karɓi katinsa. Babansa ya so ya aika kawai, mamarsa ta ce zuwa da kai ya fi aike, mutumin da ya riƙe maka ɗa shekara uku ba a barinsa ta waya. Muka gode masa, muka kuma faɗa masa abin da kalmarsa ta yi. Bai ji daɗi ba, ya ce shi ma da tsawa aka koya masa. Amma ya ba da katin, ya sa wa yaron albarka. Yanzu in an haɗu a Adamasingba ranar wasan Shooting Stars ana gaisawa.

Tafiyarsu ta farko Osogbo ce, babansa na cikin iyaye biyun da suka bi. An ci su biyu da ɗaya. Shi ya kama rabi na biyu, kuma a hannunsa aka ci ta biyun, wadda ta kayar da su. A mota babansa yana ta satar kallonsa. Da suka iso gida, tun daga zaure ya fara bayani: da ya tsaya a layi da ya kama, Baba ya ce in za ka fito ka yi ihu 'yan baya su ji ka, kuma yanzu doka ta canza, in gola ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 kwana ake ba abokan hamayya. Ya cinye tuwo malmala biyu yana magana. Ya wanke safar hannunsa da kansa ya shanya a igiya.

Ba mu san inda ƙwallon nan za ta kai shi ba, wataƙila iyakarta sakandare. Karatu dai yana gaba, wannan mun gama magana da shi. Ga iyayen da yaransu ke tsare gida a lungunan Sabo, Baffa ya yarda zai riƙa zama da su ranar Lahadi bayan la'asar, kyauta, a koya musu faɗuwa ba tare da an karye ba. Duk mai so ya yi masa magana a masallaci.

Hajiya kuwa har yau ba ta sauya ra'ayi ba. Amma duk ranar wasa, yana shigowa take ɗaga murya daga ɗaki: "Kai Gola, yau nawa aka jefa maka?" Shi kuma sai ya je ya zauna ya ƙirga mata waɗanda ya kama.

Allah Ya raya mana su baki ɗaya, Ya haɗa su da masu riƙon amana. Amin.