Wasiƙa daga Kumasi: Halin da Kurmi Yake Ciki

Kumasi, Gana.

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Saƙonka ya iso, na kuma ji tambayarka a kan hotunan kogunanmu da kake gani a waya sun rine sun yi jawur. Gaskiya ne, mutumina. Haka Pra yake, haka Offin, haka Birim da Ankobra, ruwa ya yi kauri kamar kunu. Amma ciwon daga cikin kurmi ya taso.

Ka san kurmin nan ba baƙonmu ba ne. Goron da fatake kakanninmu suke shafe watanni a hanya su saro a Salaga, daga kurmin Asante ake kai shi can, kuma sanadinsa aka kafa yawancin zangunan da muke zaune a ciki yau. Don haka idan na ce abin yana ci mini rai, ka san ba da baki kawai nake faɗa ba.

Bari in fara maka da koko. A 1879 Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong ta Akuapem. Koko yana son ƙasar kurmi sabuwa, wadda ganye ya shekara aru-aru yana ruɓewa a kanta. Sai a sare daji a shuka, a ci moriya shekara ashirin ko talatin, itatuwan su tsufa, ƙasa ta gaji, ciwo ya shiga. Gyaran tsohuwar gona yana cin kuɗi da shekaru, saran sabon daji kuwa adda da ƙarfi kawai yake nema. Da haka noman ya yi ta gangarawa daga gabas zuwa Asante, daga nan zuwa yamma, har ya dangana da iyakar Kodebuwa, can ma kuma labarin ɗaya ne. Ƙasashen nan biyu su ke noma fiye da rabin kokon duniya.

Abin da na fi so ka ji shi ne wanda na gani da idona a gonar wani dattijo da muke sayen goro a hannunsa. Muna zagawa sai na ga wata matashiyar bishiyar odum, wadda mu muke ce wa loko, an sassaƙe ɓawonta an kewaye gindin tas, ganyen ya fara bushewa. Na ce, "Baba, wa ya yi wannan aika-aika?" Ya ce shi ne. Ya ce in ya bar ta ta girma, ba tasa ba ce. A dokar ƙasar nan tun 1962, itacen katako da ya tsiro da kansa yana hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka yake. Wata rana mai lasisi zai zo da injin zarto ya kayar da ita a kan koko, ya ja gungumen da tarakta ya tattake abin da ya saura, diyyar da za a ba ka kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Ya ce, "To don me zan yi renon abin da zai kashe mini gona?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Mutumin nan ya san inuwa tana amfanar kokonsa, ya fi ni sani, amma doka ta sa bishiya ta zama abokiyar gabarsa.

Masu yankan katako da injin zarto ba bisa ƙa'ida ba, tun 1998 aka haramta sana'arsu, amma har yau yawancin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga hannunsu yake fitowa. Wannan kowa ya sani.

Sai kuma galamsey, haƙar zinariya ta bayan fage. A da diga da shebur ne, yanzu manyan motocin haƙa ƙasa ne da injinan canfan da ake ɗorawa a kan kogi suna tsotso yashi dare da rana, ga zaibar da ake wanke zinariya da ita tana bin ruwa tana shiga kifi. Gonar koko ko ba komai tana barin tsiro a ƙasa. Galamsey kuwa ramuka yake bari cike da ruwa mai guba, inda yara ke faɗawa su mutu. A watan Fabrairu na 2025 ministan filaye, Emmanuel Armah-Kofi Buah, ya faɗa wa majalisa cewa cikin gandun daji 288 na ƙasar, 44 masu haƙa sun afka musu, wasu ma jami'an daji ba sa iya shiga saboda 'yan bindiga. Cikin samarin da ke cikin ramukan akwai namu na zango, rashin aiki ya kai su. Ban wanke su ba, amma yaron da ke neman na abinci ba shi ya sayo motar haƙa ba. A nemi wanda ya biya kuɗinta, da wanda ya sa hannu ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tema.

Sakamakon ya riga ya iso gida. A 2024 mutanen Cape Coast da Elmina sun sha wahalar ruwan famfo, don laka ta yi wa ruwan Pra yawa har injinan tacewa suka gaza. A shekarar kuma farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda amfani ya faɗi: ga ciwon kumburin reshe, ga damina ta rikice, ga gonakin da aka sayar wa masu haƙa. Manomi bai ga yawancin kuɗin ba, domin hukumar koko ta COCOBOD ce ke yanka masa farashi. Dattawa kuma har yau suna tuna gobarar dajin 1983, shekarar fari, da ta cinye gonaki da kurmi. Dajin da aka huda shi ko'ina, rana tana kaiwa ƙasa, ganye ya bushe, sai hunturu ya zo wuta ta samu abinci. Ni tsorona yana kan dajin Atewa, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu suka samo asali. Densu ne ke cika dam ɗin Weija da ke shayar da sashen Akara, ga shi kuma ana zawarcin ma'adinin alminiyom da ke ƙarƙashin dajin na Atewa.

Ana ƙoƙari, ba zan ce ba a yi ba. A 2017 gwamnatocin Gana da Kodebuwa da kamfanonin cakulan sun yi yarjejeniyar daina saran daji don koko. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana sayen kokon da aka noma a filin da aka sare bayan 2020, ko da yake ana ta ɗage ranar fara aiki da ita. A 2021 aka fara ranar dashen itatuwa ta Green Ghana. Duk suna da kyau. Amma a ganina ba wanda zai yi tasiri sai an taɓo dattijon nan. A mallaka masa bishiyar da ya rena, a rubuce, ta yadda in ta isa yanka shi zai sayar, 'ya'yansa su gada. A taimake shi ya sabunta tsohuwar gona, a riƙe shi da abinci shekarun da sabon koko bai fara 'ya'ya ba. A ba shi farashin da zai sa ya ƙi kuɗin mai galamsey. Manoma dubun dubata ne a bakin kurmin nan, sun fi duk jami'an daji yawa, kuma su ke kwana a wurin.

In Allah ya kawo ka bayan sallah, zan kai ka gandun Kakum kusa da Cape Coast, ka hau gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwa, ka ga kurmin da aka daina sara da kuɗin da yake kawowa yana tsaye. Ka taho da yaronka Abba, ina so ya gani. Kafin nan ka rubuto mini halin da dajinku na Falgore yake ciki da masu gawayi.

Ka gaida Hajiya da yara, ka miƙa gaisuwata ga Baba, a ce ya sa mu a addu'a.

Naka,
Salisu