Daga Zawiya Zuwa Rumfar Kasuwa

A Kanon da muka taso muka tarar, idan aka ce wane ya shiga tarbiyya, mutanen gidansu sun san za a yi 'yan kwanaki ba a gane kansa ba. Cin abinci zai ragu, barci ya ƙaurace masa, carbi ba ya barin hannunsa. Muƙaddaminsa ya riga ya ɗora masa adadi mai yawa na Salatul Fatihi da hailala, kullum kuma sai ya kira shi gefe ya jefa masa tambayar da ba a amsa ta da karatun littafi: ina ka baro Ubangijinka, kai kuma wane ne? Wani ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Wani ya yi shiru kamar an ɗauke masa harshe. Ranar da abin ya zo, sai ka ji dattawa na faɗa wa juna a hankali cewa yaron nan ya samu buɗi.

Wannan hanya ta ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi ne bayan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a ƙasar Sanagal, ya bayyana failarsa a 1929, sannan ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji na 1937. Almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga da Shehu Maihula, su suka karɓe ta suka shigar da ita lunguna. Abin da ya ja jama'a shi ne an ce musu sanin Allah na ɗanɗano ba sai wanda ya shekara da shekaru a halwa ba. Tela na iya samu, baduku na iya samu, ɗan koli da mai awo a kasuwar Kurmi, har matar da ke cikin kulle tana daka.

Sai dai buɗin ba shi ne ƙarshen aiki ba, kuma nan ne na fi ganin hikimar mutanen da. Wanda ya shiga fana'i ba ya ganin kowa sai Allah. Ba ya ganin kansa, ba ya ganin mai binsa bashi, ba ya bambance yabo da zagi. A wannan hali bakinsa kan furta maganar da idan aka ɗora ta a mizanin shari'a ba za ta tsaya ba. Don haka ba a barinsa ya fita tsakar unguwa. Muƙaddami kan tsare shi a zawiya, ya tsaya a kansa ya yi salla a kan lokaci ko da ba ya cikin hayyacinsa sosai, ya yi ta jansa har ya dawo da shi inda suke kira baƙa'i. Idan ya natsu, umarni na farko da ake ba shi shi ne ya koma bakin sana'arsa.

Wani kawuna marini ne, kuma ya bi ta wannan hanya tun yana saurayi. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wanda ya ga abin da ya gani, ta yaya zai koma yana ciniki a kan sisi da kwabo?" Bai ba ni amsa nan take ba, sai da muka je karofi. Ya tsamo zane daga cikin baba, ya ce in duba. Kore-kore ya fito. Ya shanya shi, iska ta buge shi, a gaban idona ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ya ce, "To ka gani, ɗana. A rami ake sha, amma sai an fito waje launin ke kamawa." A wurinsa, mai bashi da maƙwabci mai neman rigima da kukan yara da dare su ne iskar.

Irin waɗannan mutane suna riƙe da abubuwa biyu da hankali ke ganin ba sa haɗuwa, kuma ba sa jin dole sai sun saki ɗaya. Sun yarda babu mai aikatawa a haƙiƙa sai Allah, amma idan yaronsu ya tauye mudu ba za su ce ƙaddara ce ba, za su hukunta shi su biya mai kaya. Idan ɓarawo ya shiga rumfarsu, a zuci ba sa ƙinsa, domin suna ganin hannun da ya juya shi, a zahiri kuwa su kai shi gaban alƙali. Malamai na kiran wannan haƙiƙa a ciki, shari'a a waje. Idan aka yi rasuwa a gida aka kuma yi haihuwa a mako guda, ba sa cewa ɗaya alheri ce ɗaya sharri. Sukan ce wannan jalali ne, wancan jamali, duka daga wuri ɗaya suka fito. A zauna zaman makoki da hawaye na gaske, ranar suna kuma a yanka rago a raba goro da fara'a ta gaske. A zaurukan da ake karanta Hikam ta Ibn Aɗa'illahi, da wannan ake yi wa ɗalibi bayanin ƙunci da yalwar zuciya, cewa baƙi ne masu zuwa su tafi, kada ya gina gida a kan ko wanne.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Baƙadire ne, shi da kansa ya ba da labarin ganin da ya yi yana ɗan shekara 40, inda ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani aka ɗaura masa takobin gaskiya. Wannan gani bai sa ya shige kogo ba. Ya ci gaba da koyar da alwala da rabon gado da hukuncin ciniki, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya ɗauki nauyin jama'a. A zamani na kusa, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarautar Kano a 1963 ya koma Azare, daga baya Wudil. Mutumin da aka saba yi wa busa da tambari ya ƙare rayuwarsa a kan buzu, halifan Tijjaniyya, yana jan wazifa da talakawa.

Ba na cewa zamanin lafiya lau yake. An yi rigimar ƙabalu da sadalu, wato kama hannu ko sakinsa a salla, har 'yan'uwa suka daina bin juna salla, an yi faɗa tsakanin 'yan Ƙadiriyya da 'yan Tijjaniyya a ƙasar Sakkwato a shekarun 1950. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan bandirin Ƙadiriyya, Malam Nasiru Kabara yana kare shi da hujja. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sai gardamar ta koma kan tushen abin baki ɗaya. Kuma masu sukar ba su rasa abin kamawa ba, domin an samu waɗanda suka maƙale a fana'i suka mai da shi mazauni, suna cewa sun wuce salla, suna kiran kansu 'yan haƙiƙa. Manyan shehunan ɗariƙa da kansu sun yi tir da wannan. A ganina waɗancan mutane ba zurfi suka yi ba, an yi musu rabin aiki ne aka sake su.

Yau taron ya fi na da girma nesa ba kusa ba. Maukibin Ƙadiriyya na cika titunan Kano duk shekara, mauludin Shehu Ibrahim na cika filayen wasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne muƙaddamin da ya san rumfarka da matarka da yawan bashin da ke kanka, wanda zai iya duban idonka ya gane ko hali ne ya sauko maka ko ciwo ne da ke buƙatar likita, domin dattawan da suna rarrabe su biyun. Yanzu idan saurayi ya shiga irin wannan yanayi, kafin wani babba ya kama hannunsa an riga an ɗauke shi a waya an watsa, rabin masu kallo na cewa waliyyi ne, rabi na cewa ya kafirta, shi kuwa har yanzu bai dawo hayyacinsa ba balle a ce ya je ya buɗe shagonsa.